Alhaji Umaru: Ɗan Kano da Ya Tsufa a Kete-Krachi

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a cikin birnin Kano a shekarar 1858. Asalin gidansu daga Kabi ne. Mahaifinsa malami ne, kuma bafatake mai bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja, cikin Gana ta yau. Yaron ya tashi yana ganin ayari na fita ta ƙofofin birni, wasu su dawo, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Ya fara karatu a Kano, ya ci gaba a Sakkwato da Gwandu. A 1892 ya zauna a Salaga, amma a shekarar yaƙin basasa ya tarwatsa garin. Daga nan ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Bolta, aka naɗa shi liman. Can ya tsufa, nesa da garin haihuwarsa.

A Kete-Krachi ya haɗu da wani Bajamushe, Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan na Basel kafin ya shiga aikin gwamnati. Addininsu ba ɗaya ba, amma son Hausa ya haɗa su. Malam Umaru ya riƙa rubuta masa labarin ƙasar Hausa da ajami: noma, kasuwanci, sana'o'i, aure da sarauta, kamar yadda ya san su a ƙuruciya. Mischlich kuwa ya buga ƙamus na Hausa a 1906.

Cikin ayyukansa akwai fassarar waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Wannan mawaƙin Larabawa ne na kafin Musulunci, wanda aka sani da tsayawa a kufan gidan masoyiyarsa yana kuka. Mutumin da ya baro Kano, ya kuma ga Salaga ta watse, ya san abin da ake nufi da kufai.

Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan talauci da wadata, da zuwan Turawa, da annobar mura ta 1918. Amma da tsufa ya zo, sai mutuwa ta shigo gidansa ta ɗauke ɗansa, Alhaji Labbu. Uba ne ya binne ɗa. Bai ɓoye baƙin cikinsa ba, ya zuba shi cikin waƙar makoki, don kada sunan ɗan ya bace.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Bayan shekara talatin, da aka gina madatsar ruwa ta Akosombo, tafki ya cinye tsohon garin. Takardunsa kuwa sun tsira, ana karanta su har yau.

Mai karatu, kusan kowane gida yana da tsoho mai ɗauke da sunayen waɗanda suka riga mu. Mu zauna kusa da su, mu tambaye su, mu rubuta, tun ana jin muryarsu.