Benjamin Franklin: Mai hoto a takardar dala 100 da ya koyar da yadda ake auna shawara

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar dala 100 ta Amurka ya ga fuskar Benjamin Franklin. Ba shugaban ƙasa ba ne, amma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka a 1776.

An haife shi a Boston ranar 17 ga Janairun 1706. Mahaifinsa mai yin kyandir da sabulu ne, kuma karatun makarantar yaron bai wuce shekara biyu ba. Yana da shekara 12 aka kai shi koyon aikin ɗab'i wurin yayansa James, yana da 17 ya gudu zuwa Filadelfiya. A can ya kafa maɗaba'a, ya sayi jaridar Pennsylvania Gazette a 1729, ya yi arziki, daga baya ya yi suna kan binciken lantarki da tsawa.

Akwai wata gudummawarsa da ba a cika ambata ba.

A 1772 yana zaune a Landan lokacin da abokinsa Joseph Priestley, malamin coci a Leeds mai binciken sinadarai, ya shiga ruɗani. Attajirin ɗan siyasa Lord Shelburne ya yi masa tayin aiki da albashin fam 250 a shekara da gidan zama. Ga kuɗi da lokacin bincike, ga kuma fargabar zama yaron wani.

A wasiƙar 19 ga Satumba, Franklin ya ƙi zaɓar masa, sai ya koya masa hanya. A ganinsa, abin da ke wahalar da mutum shi ne dalilan ba sa zuwa zuciya lokaci guda: yau na goyon baya su rinjaya, gobe na adawa.

Ya ce a raba takarda gida biyu, a yi kwana uku ko huɗu ana rubuta kowane dalili a gefensa. Daga nan sai awo. Idan dalili ɗaya na dama ya yi daidai da ɗaya na hagu, a soke su duka. Idan ɗaya ya kai nauyin biyu, a soke ukun. Idan biyu sun kai nauyin uku, a soke biyar ɗin. Abin da ya rage shi ne inda ma'auni ya karkata, sai a ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin yanke hukunci.

Hikimar tana wurin sokewar. Da wuya mutum ya iya faɗin maki nawa yake ba 'yancin kansa, amma zai iya faɗin ko zai musanya shi da ƙarin albashi. Franklin ya yarda cewa awon ba shi da daidaiton lissafi, amma duk da haka ya kira shi aljabara.

Priestley ya karɓi aikin, kuma a gidan Shelburne ne ya ware iskar oksijin a 1774.

Masana yanke shawara sun dawo kan wasiƙar. A 1998 John Hammond da Ralph Keeney da Howard Raiffa sun gina wata hanyar musayar ma'aunai a kanta, wadda ke aiki ko da zaɓin ya fi biyu, abin da takardar Franklin ba ta iyawa.

Shawara mafi tsada a rayuwarsa ta zo da yaƙin 'yanci. Ya bi masu tawaye, ɗansa William, gwamnan New Jersey, ya tsaya da Sarkin Ingila. Bayan yaƙin sun gana a Southampton a 1785, amma zumuncin bai dawo ba, kuma kaɗan ya bar wa William a wasiyyarsa. Ya rasu a Filadelfiya ranar 17 ga Afrilun 1790, yana da shekara 84.