Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da sunansa ya iso kasuwannin Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Tasawa ko ta Mayahi da hantsi, abin da zai fara cika masa kunne shi ne ƙarar babura. Ga 'yan kabu-kabu suna sauke mata da jarkokin man gyaɗa, ga 'yan kasuwar ƙauye sun ɗauro buhunan wake, ga kuma makanikai a gindin bishiya sun baje kayan aiki suna kwance inji. Da yawa daga cikinmu mun saba ganin sunan Honda a jikin tankin babur, amma kaɗan ne suka san cewa sunan mutum ne, kuma ɗan maƙerin ƙauye, wanda bai yi zurfi a karatun boko ba. A yau mun kawo muku tarihinsa ne domin ya shafi mai sana'ar hannu, ya kuma shafi ɗan kasuwa, saboda duk gwanintar wannan mutum ba ta kai shi nesa ba sai da ya haɗu da amintaccen abokin da ya iya saye da sayarwa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga watan Nuwamba na shekarar 1906 a ƙauyen Komyo, kusa da birnin Hamamatsu a ƙasar Japan. Mahaifinsa Gihei maƙeri ne, wanda daga baya ya buɗe shagon gyaran kekuna, ita kuwa mahaifiyarsa Mika saƙa take yi. Saboda haka yaron ya taso ne tsakanin zugazugi da masaƙa, yana taya mahaifinsa gyaran tsofaffin kekuna ana sayarwa. Makaranta ba ta dame shi ba, har an ruwaito cewa ya taɓa sassaƙa hatimin gidansu na jabu da robar fedar keke domin ya riƙa buga wa takardar sakamakonsa kada iyayensa su gani, kafin asirinsa ya tonu.

A shekarar 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a wani gareji mai suna Art Shokai, a hannun mai garejin Yuzo Sakakibara. Watannin farko ba a bar shi ya taɓa inji ba, aikinsa shara da renon ɗan maigida, kamar dai yadda yaranmu da ke koyon aiki a gareji suke farawa da aike da wanke kayan aiki. Ya daure, har ya yi shekara shida a wurin. A 1928 maigidan ya sallame shi, ya kuma yarje masa ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu, inda nan da nan ya yi suna wajen gyaran abin da ya gagari wasu. Yana kuma da sha'awar tseren mota, sai dai a 1936 ya yi mummunan haɗari a wajen tsere, ya ji rauni ƙwarai.

Daga gyara zuwa ƙira

Honda bai gamsu da gyaran abin da wasu suka ƙera ba. A 1937 ya kafa kamfanin Tokai Seiki domin ƙera zoben da ake sa wa fistin na inji, wato abin da makanikanmu suke canzawa idan babur ya fara hayaƙi. Ya ɗauka aiki ne mai sauƙi, amma da ya kai wa kamfanin Toyota guda 50 domin a gwada, uku kacal suka tsallake. Maimakon ya ɗora wa mai saye laifi, sai ya koma aji yana magidanci, ya shiga makarantar koyon fasaha ta Hamamatsu, inda ya gano cewa ƙarfen da yake narkawa ba shi da isasshen sinadarin silikon, shi ya sa yake karyewa. Bai damu da takardar shaida ba, kuma bai same ta ba, ilimin yake nema. Da ya gyara haɗin ƙarfen, kayansa suka karɓu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa wannan wahala. A 1944 jiragen Amurka suka jefa wa masana'antarsa guda bam, a watan Janairu na 1945 kuma girgizar ƙasa ta rushe ɗayar. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage a kan yen 450,000, ya zauna kusan shekara guda ba ya sana'a.

Keken da aka sa wa inji

Bayan yaƙi Japan ta shiga ƙunci, babu abinci a birane, babu man fetur, jiragen ƙasa kuma cike suke maƙil. Mata, har da matarsa Sachi, sukan tuƙa keke zuwa ƙauyuka neman abinci. A watan Oktoba na 1946 Honda ya buɗe ɗan wurin aiki a wata rumfar katako a Hamamatsu, ya sayo ƙananan injina kimanin 500 waɗanda sojoji suka bari, da a da suke ba rediyonsu wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Tankin farko ma da gwangwanin ruwan zafi na ɗuma shimfiɗa aka yi shi. Matarsa ce ta fara gwada keken a kan titi, ta dawo mai ya ɓata mata tufafi, kuma ƙorafinta ne ya sa ya gyara wurin da man yake fesowa. Mutane suka raɗa wa keken suna bata-bata saboda ƙararsa.

Da injinan sojoji suka ƙare, sai ya ƙera nasa a 1947. Ranar 24 ga Satumba, 1948 aka kafa kamfanin Honda Motor da jarin yen miliyan ɗaya, a 1949 kuma ya fitar da cikakken babur ɗinsa na farko mai suna Dream. To amma a nan matsalar da ke kashe masu sana'ar hannu ta taso masa. Ya iya ƙira, bai iya karɓo kuɗi ba. Dillalai sukan ɗauki kaya bashi, wasu su biya a makare, wasu su ɓace.

Haɗuwarsa da ɗan kasuwa

A wannan shekara ta 1949 aka haɗa shi da Takeo Fujisawa, wanda aka haifa a 1910, mutumin da ya yi aikin sayar da ƙarfe, daga baya kuma katako. Suka raba aiki tun ranar farko: Honda ya riƙe masana'anta, Fujisawa ya riƙe kuɗi da kasuwa, kuma kowa ba ya tsoma baki a ɓangaren ɗan'uwansa. Har hatimin kamfani Honda ya damƙa masa.

Dabarar Fujisawa ta bayyana a 1952, lokacin da suka fitar da wani ƙaramin inji na ɗaurawa a keke mai suna Cub F. Masu sayar da babura ba su da yawa a lokacin, amma shagunan kekuna suna ko'ina. Sai ya aika wa shagunan kekuna kimanin 50,000 wasiƙa, yana yi musu tayin sari a kan yen 19,000 su sayar a kan yen 25,000, da sharaɗin su turo kuɗi kafin a aika musu kaya. Dubbai suka amsa. Da haka kamfanin ya sami dillalai a lungu da saƙo, ya kuma rabu da ciwon kan bin bashi.

A shekarar ce kuma suka yi kasadar da ta kusa cinye su. Honda ya gane cewa da tsofaffin injinan da yake da su ba zai iya ƙera kayan da za su yi gogayya da na Turai ba, domin ingancin babur yana farawa ne daga injin da ke yanka ƙarfe da feƙe shi daidai da awo. Suka yi odar irin waɗannan injina daga Amurka da Jamus da Suwizalan na yen miliyan 450, alhali jarin kamfanin bai wuce yen miliyan 6 ba. A 1954 kasuwa ta juya musu baya, wasu baburan suka ƙi sayuwa, wasu suka zo da matsala, ga lokacin biyan bashi ya yi. Honda ya duƙufa yana gyara matsalar injin, Fujisawa kuma ya bi banki da masu kawo musu kaya da ma'aikata, ya faɗa musu gaskiyar halin da ake ciki, ya nemi a ɗaga musu ƙafa. Aka yi musu haƙuri, kamfanin ya tsira.

Babur na kowa da kowa

A ƙarshen 1956 su biyun suka zagaya Turai suna duba abin da talakawa suke hawa. Fujisawa ya matsa lamba a ƙera babur ɗin da mace za ta iya hawa ba tare da ta ɗaga ƙafa ta tsallaka tanki ba, wanda kuma yaro mai kai wa mutane taliya gida-gida zai iya tuƙawa da hannu ɗaya. Sakamakon shi ne Super Cub, wanda ya fito a watan Agusta na 1958, da ƙaramin inji mai shan mai kaɗan, babu kulocin hannu, ga kuma roba a gaba mai kare ƙafa daga taɓo. Ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, abin da babu wata mota ko babur da ya taɓa kaiwa.

Daga nan kamfanin ya bazu. A 1959 ya buɗe reshe a Amurka, a 1961 baburansa suka cinye matsayi biyar na farko a rukuni biyu na shahararren tseren tsibirin Man da ke kusa da Ingila, a 1963 kuma ya fara ƙera motoci. Nan kusa da mu, an kafa kamfanin Honda na Najeriya a 1979, mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Haka kuma babur ɗin CG125 da kamfanin ya fitar a 1975, domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba, shi ne wanda kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi injinsa.

Halinsa da ƙarshen rayuwarsa

Ba za mu ɓoye ba, Honda mutum ne mai zafin rai. Ma'aikatansa sun san shi da tsawa, wani lokaci har da duka idan ya ga an yi aikin ganganci. Yana kuma da taurin kai, domin ya daɗe yana jayayya da matasan injiniyoyinsa, shi yana son injin mota mai sanyaya da iska, su suna son mai ruwa. Fujisawa ne ya tunatar da shi cewa shugaba ne shi yanzu, ya kamata ya bar yara su yi aikinsu, ya kuwa sauko. A watan Oktoba na 1973 su biyun suka yi murabus tare, suka miƙa ragama ga Kiyoshi Kawashima, wanda ya taso a cikin kamfanin, domin tun da farko sun yi yarjejeniyar ba za su mayar da kamfanin gadon 'ya'yansu ba. Fujisawa ya mutu a 1988, Honda kuma ya bi shi ranar 5 ga Agusta, 1991 a Tokyo, sakamakon ciwon hanta, yana da shekara 84.

Abin da ya rage gare mu

Daga Tasawa zuwa Mayahi ba mu rasa maƙera da masu walda da makanikan da za su tayar da tsohon babur ɗin da kowa ya fidda rai da shi, ko su gyara injin niƙa da ƙarfen da aka zubar. Abin da yake karya su sau da yawa shi ne rashin jari, da bashin da ba a biya, da rashin wanda zai riƙe musu lissafi. Wannan kuwa fannin 'yan kasuwa ne, maza da mata, waɗanda suka san adashi, suka san sari, suka san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mai jari ya dubi yaron da ke gindin bishiya da sufana a hannu ya ga abokin sana'a, shi kuma yaron ya riƙe amana ya ƙara neman ilimin aikinsa, to ba mu san inda Allah zai kai su ba. Mu kuma masu kai gyara, mu riƙa biyan kuɗin aiki a kan lokaci, domin da wannan ɗan kuɗin ne mai gyara yake sayen kayan aikin da zai girma da su.