Igor Sikorsky

Igor Ivanovich Sikorsky (25 ga Mayu, 1889 – 26 ga Oktoba, 1972) injiniyan jiragen sama ne kuma matuƙin jirgi, haifaffen Daular Rasha wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. An san shi da ƙera jirgin sama na farko mai inji huɗu, da kuma kafa tsarin jirgi mai saukar ungulu da ake bi har yau, wato babbar farfela guda a sama da ƙarama a wutsiya.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Kiev, babban birnin Yukren a yanzu. Shi ne autan 'ya'ya biyar. Mahaifinsa Ivan farfesa ne a fannin halayyar ɗan Adam, mahaifiyarsa Mariya kuma ta karanci likitanci. Ita ce ta fara nuna masa ayyukan Leonardo da Vinci, wanda ya zana na'urorin tashi sama tun ƙarni na 15. A 1903 ya shiga makarantar sojan ruwa ta St. Petersburg, amma ya bar ta a 1906 domin karatun injiniya. A 1907 ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kiev.

A 1909 ya sayo ƙaramin inji daga Paris ya haɗa jirgi mai saukar ungulu na farko, amma bai tashi ba. Na biyu da ya ƙera a 1910 ya ɗaga kansa, sai dai ba ya iya ɗaukar mutum. Ganin injinan zamanin ba su da ƙarfin da ake buƙata, ya jingine aikin ya koma ga jirage masu fukafukai.

Aiki a Rasha

A 1912 aka naɗa shi babban injiniyan sashen jirage na kamfanin Russo-Baltic da ke St. Petersburg. A 1913 jirginsa Russky Vityaz mai inji huɗu ya tashi, a lokacin da mutane da yawa ke ganin jirgi mai girma haka ba zai tuƙu ba. Wanda ya biyo bayansa, Ilya Muromets, ya je Kiev daga St. Petersburg ya dawo a 1914, kuma sojojin Rasha sun yi amfani da irinsa wajen jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan juyin juya halin 1917 ya fice zuwa Faransa, daga nan ya isa New York a watan Maris na 1919.

Aiki a Amurka

Ya isa Amurka ba tare da dukiya ba, ya riƙa koyar da lissafi ga 'yan gudun hijirar Rasha. A 1923 ya kafa kamfaninsa a wata gonar kaji da ke Long Island, inda mawaƙin fiyano Sergei Rachmaninoff ya tallafa masa da dala 5,000. Ya zama ɗan Amurka a 1928, kamfanin kuma ya koma Stratford a jihar Connecticut a 1929. A nan ya ƙera jirage masu sauka a kan ruwa, irin su S-42, waɗanda kamfanin Pan American ya yi jigilar fasinjoji da su.

Jirgi mai saukar ungulu

Babbar matsalar irin wannan jirgi ita ce sarrafa shi. Idan babbar farfela ta juya gefe guda, gangar jikin jirgin kan juya ɗaya gefen. Jamusawa sun magance haka a jirginsu Fw 61 na 1936 da manyan farfeloli biyu masu juyawa saɓanin juna. Sikorsky ya zaɓi babba guda, ya sa ƙarama a wutsiya don ta hana jikin juyawa.

A ranar 14 ga Satumba, 1939, shi da kansa ya tayar da jirginsa VS-300, yana ɗaure da ƙasa. A ranar 13 ga Mayu, 1940 jirgin ya tashi ba ɗauri, a ranar 6 ga Mayu, 1941 kuma ya shafe awa 1 da minti 32 a sama. An yi ta sauya fasalinsa, har an taɓa ƙara masa wasu ƙananan farfeloli a wutsiya, kafin ya daidaita a ƙarshen 1941. A tsarin da ya tabbata, matuƙi na amfani da sandar da ke gabansa wajen karkata jirgin gaba, baya ko gefe, da marikin da ke hagunsa wajen hawa da sauka, da matakan ƙafa wajen juya hancin jirgin.

Daga VS-300 aka samar da R-4, wanda ya fara tashi a watan Janairu na 1942, aka ƙera guda 131. A watan Afrilu na 1944 wani matuƙin sojan Amurka, Carter Harman, ya kwaso mutum huɗu da jirginsu ya faɗi a dajin Burma da irin wannan jirgi. Aikin ceton rai shi ne abin da Sikorsky ya fi alfahari da shi.

Iyali da rasuwa

Ya fara auren Olga Simkovitch, suka haifi 'ya mace, Tania. A 1924 ya auri Elisabeth Semion, suka haifi maza huɗu. Kirista ne mabiyin ɗarikar Otodoks, kuma ya yi rubuce-rubuce kan addini. Ya yi ritaya a 1957 amma ya ci gaba da ba kamfanin shawara. Ya rasu a gidansa da ke Easton, Connecticut, yana da shekara 83.

Abin da ya bari

Kamfaninsa ya ƙera Black Hawk, wanda sojojin Amurka suka fara aiki da shi a 1979, kuma Lockheed Martin ya sayi kamfanin a 2015. A sababbin jirage irin su CH-53K, kwamfuta ce ke isar da umarnin matuƙi ga farfeloli ta wayoyin lantarki, amma tushen tuƙin bai canza ba. Jiragen Mi-35 na Rundunar Sojin Saman Najeriya, ƙirar Rasha, su ma suna bin tsarin babbar farfela guda da ƙarama a wutsiya. A 2016 aka sa wa kwalejin da ya yi karatu a Kiev sunansa.