Elsa Rendschmidt, Gwanar Zamiya A Kan Ƙanƙara

A ƙasashen Turai, in sanyi ya tsananta, ruwan tafki yakan daskare. Sai mutane su ɗaura takalma masu siririn ƙarfe a ƙarƙashi, su riƙa zamiya suna zana da'ira a kan ƙanƙarar, a dā kuwa alƙalai suna ba da maki gwargwadon kyan zanen. Yau za mu ba da labarin wata Bajamushiya da ta gwanance a wannan wasa.

An haifi Elsa Rendschmidt a birnin Berlin cikin 1886. Sai cikin 1906 aka soma ware wa mata gasarsu ta duniya. A gasar 1908 Lily Kronberger ta ƙasar Hangari ta zo ta ɗaya, Elsa ta biyu. Cikin watan Oktoba na shekaran nan ta tafi Landan wasannin Olimfik, inda mata biyar kaɗai suka fito. Nan ma Madge Syers ta Ingila ta sha gabanta. Cikin 1910, a garinsu Berlin, Kronberger ta sāke tsere mata.

Sau uku ke nan tana ta biyu. Da wata ce, da ta karaya. Ita kuwa ba ta fasa ba, har cikin 1911 da aka fara shirya wa matan Jamus gasar ƙasarsu, ta cinye. Sunanta ke kan gaba cikin jerin gwanayensu. Ta rasu cikin 1969.

To, malamai, kada mu bar yaron da kullum ke zuwa na biyu ya fid da rai. Wata rana tasa ce.