Likita Jeanette Troup: Baiwar Allah da Ta Tsaya a Bakin Aikinta Har Ƙarshe

Duk shekara idan hunturu ya kama, aka kwashe amfanin gona aka soma ƙone daji, sai mu ji hukumomin lafiya suna jan kunnen jama'a game da zazzaɓin Lassa. A nan Bauchi, tun daga GRA har zuwa Yelwa da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya a sami gidan da ba a san sunan wannan ciwo ba. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka san yadda duniya ta fara gane shi, da kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan sani da rayukansu? Tafiyar sa'o'i biyu kawai daga ƙofofin gidajenmu, a birnin Jos, wata likita ta yi ido biyu da wannan cuta tun ba ta da suna. Ita ce Likita Jeanette Troup, kuma ya dace iyalanmu su san tarihinta.

Asalinta da wurin aikinta

Jeanette Troup mutuniyar Akron ce, a jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Ta yi karatun likita a zamanin da mata kaɗan ne suke kai wa wannan matsayi, amma maimakon ta zauna a gida ta ci moriyar iliminta, sai ta miƙa kanta ga aikin mishan a ƙarƙashin ƙungiyar SIM. Wannan ƙungiya ta san zafin rashi tun daga tushenta, gama daga cikin samari uku da suka sauka a Legas a 1893, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, biyu sun rasu da ciwo a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida da rai.

Jos ce ta zama gidan Likita Troup. A can SIM tana da asibitin Bingham, inda ake jinyar ma'aikatan mishan, da kuma asibitin Evangel, wanda jama'a suka fi sani da Jankwano. Shekarun ƙarshe na aikinta sun faɗo cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da likitoci suka yi ƙaranci, kaya suka yi wuyar samu, aiki kuwa ya yi wa 'yan kaɗan da suka rage yawa. Ita ce mai duba marasa lafiya, ita ce mai karɓar haihuwa, idan kuma mutuwa ta zo da abin da ba a gane ba, ita ce mai binciken gawa.

Baƙon ciwo daga Lassa

Lassa gari ne na Margi a kudancin jihar Borno ta yau. A wancan lokaci Lassa da Bauchi suna cikin jiha ɗaya, wato Jihar Arewa maso Gabas. Mishan na Ikkilisiyar 'Yan'uwa, tushen EYN, yana da ƙaramin asibiti a garin. A watan Janairu na 1969 wata dattijuwar nas mai suna Laura Wine ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya da gyambo a maƙogwaro. Likitan wurin, John Hamer, ya ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da sauran magungunan da ke hannunsa, amma jiki ya ƙi. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, aka danƙa ta a hannun Likita Troup. Kashegari ta cika.

Wata nas mai suna Charlotte Shaw, wadda ta share mata baki alhali tana da ɗan ƙaramin rauni a yatsa, ita ma ta kwanta bayan kwanaki kaɗan, ta rasu a watan Fabrairu. Nan ne Likita Troup ta gane cewa abin ya wuce tsautsayi. Ta yi binciken gawar abokiyar aikinta da hannunta, babbar nas Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, tana taimakonta. Ta ga yadda ciwon ya taɓa kusan kowace gaɓa ta cikin jiki, ta rubuta abin da ta gani filla-filla, ta kuma adana jini da ƴan yankan nama domin a aika inda za a iya gwadawa. Bayan kamar mako guda, Penny ma ta kama zazzaɓi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A nan hikimar Likita Troup ta bayyana. Ba ta ɓoye al'amarin don gudun tsoro ba, ba ta kuma ɗauka cewa ita kaɗai za ta iya warware shi ba. Ta nemi taimako daga nesa. A birnin New York akwai Likita John Frame, mai kula da lafiyar ma'aikatan SIM, wanda ya daɗe yana bin diddigin zazzaɓin da ba a san kansa ba a tsakanin masu aikin mishan a Afirka. Aka kai Penny Legas, daga can zuwa New York a farkon Maris 1969, tare da jinin nas biyun da suka rasu. Ta yi kimanin mako tara a asibitin Columbia Presbyterian, Allah kuwa ya tashi kafaɗunta.

Frame ya miƙa jinin ga sashen binciken ƙwayoyin cuta na Jami'ar Yale, wanda Gidauniyar Rockefeller take tallafa wa. A can masana uku, Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs, suka ware ƙwayar, suka gwada ta da sauran ƙwayoyin bairos da aka sani, suka tabbatar cewa sabuwa ce ga ilimin likita. Bisa al'adar masana, aka sa mata sunan garin da aka fara ganin mai ɗauke da ita. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba mutanen Lassa ne suka kawo ciwon ba. Binciken da masanan Najeriya da Saliyo da Amurka suka buga a 2015 ya nuna cewa ƙwayar ta haura shekara dubu a ƙasar da ake kira Najeriya a yau. Tana nan tana kisa a ɓoye, ana ɗora laifin a kan zazzaɓin cizon sauro ko taifot.

Ƙwayar ba ta bar masu binciken ba. A watan Yuni na 1969 Casals kansa ya kamu har ya kai gargara. Aka ɗebi ruwan jinin Penny, wanda yake ɗauke da garkuwar da jikinta ya ƙera lokacin jinyarta, aka ƙara masa, ya kuwa tashi. Kafin shekarar ta ƙare, wani ma'aikacin ɗakin gwajin mai suna Juan Roman ya kamu ya rasu, ko da yake ba shi ne yake aiki da ƙwayar ba. Sai Yale ta dakatar da duk wani aiki da ƙwayar mai rai, aka mai da shi wani keɓantaccen ɗakin gwaji mai tsananin tsaro na hukumar CDC a Atlanta. Wannan yana cikin abubuwan da suka koya wa duniya cewa binciken muguwar cuta yana bukatar ƙa'idodi masu ƙarfi, domin kada wurin neman magani ya zama mafarin annoba. Har yau ƙwayar Lassa tana cikin rukunin da ake ba mataki na huɗu, wato mafi tsauri, a tsarin tsaron ɗakunan gwaji.

Dawowar ciwon a 1970

A ƙarshen Disamba 1969 aka kwantar da wata mace mai zazzaɓi a ɗakin mata na asibitin Evangel. Ita ta warke ta koma gida, amma cikin makonni kaɗan sai waɗanda suka kwanta kusa da ita, da masu jinya, da ma'aikatan asibiti suka soma faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin da ƙasa take murnar ƙarewar yaƙi a tsakiyar Janairu, Jankwano tana cikin makoki. An ƙidaya mutum 28 da suka kamu a wannan ɓarkewa, 13 daga cikinsu suka rasu.

Babu wanda ya fi Likita Troup sanin haɗarin da ke cikin taɓa irin waɗannan gawawwaki, gama ta riga ta binne abokan aiki saboda shi. Amma ta san kuma cewa in ba a sami shaida ba, ba za a tabbatar da abin da ke kashe mutane ba, taimako kuma ba zai zo ba. Ta ɗauki nauyin a kanta, ta shiga ɗakin bincike. Wajen ƙarshen Janairu, tana tsakiyar aiki, wuƙa ta ratsa safar hannunta ta yanke ta a yatsa. Ta wanke wurin, ta ƙarasa abin da ta soma, ta koma wurin marasa lafiyarta. A farkon Fabrairu zazzaɓi ya rufe ta.

Da labari ya kai Amurka, Penny Pinneo, wadda ciwon ya bar ta da raunin ji, ta yarda ta komo Najeriya da ruwan jininta, Casals kuma ya taho domin ya yi aiki tare da masana na ɗakin binciken bairos na Jami'ar Ibadan. Sai dai kwana ya riga ya ƙare. Likita Troup ta huta da wahalar duniya ranar 18 ga Fabrairu, 1970, tana da shekara 46. Penny ta iso Jos bayan an riga an yi jana'iza, ta kuwa zauna ta ci gaba da jinyar waɗanda suka rage.

Abin da ya tsiro daga aikinta

A cikin shekarar 1970 wata mujallar likitancin ƙasashe masu zafi ta Amurka ta buga bayani na farko a kan zazzaɓin Lassa, da sunan Troup a cikin marubutansa. Ta kuma buga rahoton ɓarkewar Jos, inda sunanta ya zo a farko, tare da Harold White na SIM, da Likita Fom ɗan ƙasar Filato, da Donald Carey na Ibadan. Waɗannan sunaye huɗu a kan takarda ɗaya hoto ne na yadda aikin ya gudana: asibitin mishan, da likitan gida, da jami'a, kowa ya kawo abin da yake da shi.

Daga nan sani ya yi ta ƙaruwa. A 1972 ciwon ya ɓulla a Zorzor ta Laberiya da Panguma ta Saliyo. A Saliyo ne ayarin Thomas Monath na CDC ya gano cewa ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana suke kira Mastomys, shi ne ma'ajiyar ƙwayar, yana zubar da ita cikin fitsari da kashinsa ba tare da ya yi ciwo ba. A 1986 Joseph McCormick da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin maganin ribavirin a Saliyo, wanda ya nuna amfanin soma jinya da wuri. A Najeriya, asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo ya haɗa hannu da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg a Jamus, har ya zama wurin da ake gwada jini a gida maimakon a tura shi ƙetare. Cibiyar da Farfesa Christian Happi yake jagoranta a Jami'ar Redeemer's, wadda ta ƙware a kan binciken Lassa, tana cikin waɗanda suka tabbatar da shigowar Ebola Legas a Yuli 2014. A 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma tallafa wa sashen jinyar masu Lassa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, gama a rahotannin hukumar NCDC na 2022 da 2023 jiharmu tana cikin uku da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo. A 2024 kuma aka soma mataki na biyu na gwajin wata allurar rigakafi a Abuja.

Jinin da ya yi tafiyar dubban mil a 1969 kafin a san abin da ke cikinsa, yau ana iya gwada shi a ƙasarmu cikin ɗan lokaci. Wannan riba ce ta haɗin kai, kuma tana dawwama ne idan ɓangarorin biyu suna cin moriyarta, wato idan ilimi da kayan aiki suka zauna a ƙasar da ciwon yake, ba jini kaɗai ake kwasa a tafi da shi ba.

Abin da ya rage gare mu

Ƙaunatattu, tuna irin wannan baiwar Allah ba ya cika sai mun yi aiki da sanin da ta bar mana. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma a cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti, kusan 15 cikin 100 suna rasuwa. Yana iya ɓuya a jiki har kwana 21 kafin ya bayyana, yakan bar wasu da kurumta, ya kuma fi muni ga mata masu tsohon ciki. Saboda haka, iyaye mata su rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a bakin hanya ko a ƙasa inda ɓeraye ke yawo, a toshe ramuka, a nisanta juji daga gida. Kada wani ya ce gidansa na GRA ne, ɓera ba ya duba unguwa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, a garzaya da mai shi asibiti, a faɗa wa likita gaskiya. Idan an yi rashi ta wannan ciwo, a bar ma'aikatan lafiya su shirya gawa, gama ƙaunar wanda ya tafi ba ta bukatar mu jefa masu rai cikin haɗari. Wanda ya warke kuwa, a karɓe shi cikin zumunci ba tare da ƙyama ba; mu tuna cewa jinin wadda ta warke ne ya ceci masanin da ya gano ƙwayar.

Mu riƙa tunawa da likitocinmu da nas-nas cikin addu'a, domin har yanzu wasunsu suna rasa rayukansu a wannan fage, kamar yadda ya faru da likitoci biyu a Kano a Janairun 2020. Mu kuma ƙarfafa 'ya'yanmu, maza da mata, su nemi ilimin likita da na bincike da zuciyar hidima. Jeanette Troup ta zo ƙasar da ba tata ba, ta yi jinyar mutanen da ba danginta ba, ta san abin da zai iya samunta, duk da haka ba ta juya baya ba. Ubangiji ya tayar mana da irinta daga cikin gidajenmu. Amin.