Paul Sabatier, Malamin Tulus da Dillalin Sinadarai

An haifi Paul Sabatier ran 5 ga Nuwamba, 1854, a garin Karkason da ke kudancin Faransa. Ya yi karatunsa mai zurfi a Faris, sa'an nan ya zauna ƙarƙashin Marcellin Berthelot, wanda a zamanin nan shi ne jigon masana ilmin sinadarai na ƙasar, har ya sami digirin dakta a 1880. A 1882 ya koma Jami'ar Tulus, can kudu kusa da mahaifarsa, kuma a 1884 aka naɗa shi farfesa. Nan ya kafe har ƙarshen ransa.

Aikin da ya fito da sunansa ya samo asali ne daga wani zato da bai tabbata ba. A 1890 Ludwig Mond ya gano a Ingila cewa ƙarfen nikel yana haɗuwa da wata iska mai guba mai ɗauke da kabon, su zama ruwa mai saurin tashi kamar tururi. Wannan ya ba masana mamaki ƙwarai, domin ba a saba ganin ƙarfe ya bi iska ba. A 1897 sai Sabatier da abokin aikinsa Jean-Baptiste Senderens, wani limamin Katolika, suka tura iskar etilin ta kan garin nikel mai zafi, suna sa ran samun irin wannan haɗi na ƙarfe da kabon. Ba su samu ba. Abin da ya fito daga bututun wata iska ce dabam, wato etan, wadda ba ta samuwa sai etilin ta ƙaru da haidurojin. Da suka gauraya etilin da haidurojin tun daga farko, suka bi da su ta kan nikel, sai haɗin ya yi ta gudana ba tsayawa, nikel kuwa yana nan yadda yake, bai ragu ba.

Irin wannan abu mai sa sinadarai biyu su haɗu ba tare da shi ya ƙare ba, ana iya kiransa dillali, ko da yake wannan dillalin ba ya karɓar la'ada. An san irinsa tun kafin Sabatier, amma galibi da filatinum ake yi, ƙarfen da ya fi ƙarfin aljihun masu masana'antu. Nikel kuwa mai araha ne. Sabatier ya kuma bayyana yadda abin ke aukuwa: ƙarfen yakan kama iskar na ɗan lokaci, su zama wani haɗi marar ƙarko, sa'an nan ya sake ta. In ya riƙe ta da ƙarfi ainun, ciniki ya tsaya; in riƙon ya yi sako-sako, ba a ma fara ba. Har yau masu neman sababbin dillalai da wannan ma'auni suke aiki, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin.

Shi dai Sabatier da tururi da iska yake gwaje-gwajensa. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, shi ya ɗauki dabarar ya gwada ta a kan mai mai ruwa-ruwa, ya ga yana daskarewa kamar kitse, ya yi rajistar hanyar da sunansa a 1902. Daga nan masu yin sabulu da margarin, wato botar da ake yi da man tsirrai, suka shiga neman kowane irin mai ido rufe. A nan ne labarin ya taɓo ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, Turawan mulki suna ta lissafin auduga, amma kuɗin da kamfanoni suka sa wa gyaɗa ya fi, manoma kuwa suka bi inda riba take. Ba wannan kaɗai ya haifi dalar gyaɗa ba, amma yana cikin abubuwan da suka sa gyaɗar ta yi daraja a Turai. Sai daga baya likitoci suka gane cewa man da aka daskarar rabi da rabi yana jawo ciwon zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da irin kitsen nan daga abinci a 2018.

A wannan shekara ta 1912 ce aka ba Sabatier lambar Nobel, tare da Victor Grignard, wanda ya yi fice wajen haɗa magniziyam da kabon. Senderens bai shiga ciki ba, alhali da hannunsa aka yi gwaje-gwajen farko duka. Sabatier ya ambace shi a jawabin karɓar lambar, amma ambato ba ya zama rabo, kuma zumuncinsu bai koma yadda yake ba. Wuya ne a ce an yi wa limamin nan adalci.

Wani halin Sabatier da ya cancanci a duba shi ne ƙin barin Tulus. A Faransa ta wancan lokaci, malamin da bai koma Faris ba kamar bai kai ba ne. Da Berthelot da Henri Moissan suka mutu a 1907, an yi masa tayin komawa babban birnin, ya ƙi. Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ba ta ba wanda ke zaune wajen Faris cikakkiyar kujera, sai a 1913 ta buɗe sashe domin irinsu, ya shiga cikin na farko. A shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa a kan aikin dillalai cikin sinadaran kabon. Ya shugabanci tsangayar kimiyya ta Tulus daga 1905 zuwa 1929.

Akwai wani gwaji nasa da Senderens na 1902 da ya daɗe ba a damu da shi sosai ba. Sun haɗa haidurojin da iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda ita ce kuma ke ɗumama duniya, nikel ya mai da su iskar girki da ruwa. A 2010 aka kafa na'ura mai aiki da wannan hanya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, domin samo ruwa daga numfashin mazauna cikinta. A 2013 kuma aka buɗe masana'anta a Werlte ta Jamus mai yin iskar gas ta haka. Sabatier ya mutu a Tulus ran 14 ga Agusta, 1941, yana da shekara 86.