Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka

Daga Kongolam da ke kusa da Daura, taku kaɗan ne mutum ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda ake kallon fina-finan Kannywood kamar a gida. Sai dai ba kowa ya san cewa tun kafin a haifi Kannywood wani ɗan Nijar ya kai fim ɗinsa manyan bukukuwan duniya ba.

Sunansa Oumarou Ganda, Bazabarme da aka haifa a Yamai a 1935.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochina, yankin da Vietnam take a yau. Da ya dawo gida bai samu aiki ba, sai ya tafi ci-rani Abijan, inda ya riƙa dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, wanda ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Fim ɗin ya ci kyauta a Faransa, amma sunan Rouch ne ya fi fita, ko da yake rayuwar Ganda aka nuna.

Bayan ya koma Yamai, ya koyi aikin fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, sannan ya ba da labarinsa da kansa a Cabascabo. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi, abokai suka taya shi cinye kuɗinsa, sannan suka watse.

Me ya kai shi bukukuwa?

A wancan zamani kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da yawancin gidajen silima a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Fina-finan Amurka da Indiya da Faransa suka fi nunawa. Ɗan ƙasa zai gama fim da ƙyar, ya rasa allon da zai haska shi.

Saboda haka biki ya zame wa irin su Ganda kasuwa. A nan ake samun 'yan kallo, 'yan jarida su yi rubutu, a gana da masu iya ba da kuɗin fim na gaba.

A 1969 aka zaɓi Cabascabo a sashen masu sharhi na bikin Cannes a Faransa, aka kuma nuna shi a bikin Mosko a shekarar.

A shekarar ce kuma aka fara bikin FESPACO a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso ta yau. Da aka fara ba da babbar kyautarsa, Étalon de Yennenga, a 1972, Ganda ne ya fara ɗaukar ta da Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙara mata ta uku ba da son yarinyar ba, kishi ya kai ga kisa. Jaruma Zalika Souley na cikin waɗanda suka fito a fim ɗin.

Daga baya ya yi Saïtane da L'Exilé. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana ɗan shekara 45.

Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a dogon fim ɗinsa na farko, kuma akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai.

Idan ka ga hoton jarumi a wayarka ya ci ado a wajen biki, tambayar da rayuwar Ganda ta bar mana ita ce: wane fim ya kai, kuma wa ya samu ya gani?